Masu Zuga Dubu, Mai Shan Wuya Ɗaya

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

MAI GABATARWA:

  Shirinmu na yau zai kai mu Amurka, filin wani wasa da ba mu saba da shi ba a nan, wanda suke kira besbol. Labarin wasu samari biyu ne ya ja mu can. Kowannensu ya tsallake shinge ya faɗa fili ana tsaka da wasa, kuma kowannensu sai da wani nasa ya ce masa kada ya yi.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, 'yan wasa tara-tara. Mutum ɗaya ya tsaya a kan ɗan tudu a tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo. Wani daga ɗaya ƙungiyar yana tsaye kamar mita 18 daga gare shi, riƙe da kulkin katako. In ya maka wa ƙwallon sai ya yar da kulkin ya sheƙa da gudu, yana bin wasu tashoshi huɗu ɗaya bayan ɗaya. In ya kewayo inda ya tashi ba a fitar da shi ba, an ci maki ke nan. Ƙwallon kuwa babu iska a cikinta. Dunƙule ce kamar girman lemu, an naɗe ta da zare tam, an ɗinke da fata. Nauyinta wajen giram 145, kuma gwanayen jifa suna wurga ta da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Ku riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa.

Ranar Talata, 16 ga watan Yulin 2013, aka yi wasan taurari na shekara-shekara, wanda ake tsamo gwanayen babbar gasar ƙasar su kara da juna. A filin Citi Field aka yi shi, a yankin Queens na birnin New York. Mutum sama da 45,000 suka cika wurin maƙil, wasu miliyoyi suna kallo ta talabijin. A daren ne aka karrama Mariano Rivera, ɗan ƙasar Panama mai yi wa ƙungiyar Yankees jifa, wanda ke shekararsa ta ƙarshe a wasa. Da ya fito, sauran 'yan wasa suka tsaya a gefe suka bar masa filin shi kaɗai, jama'a suka miƙe tsaye suna ta tafi. Kaka 19 ya yi yana zuba gumi kafin ya ga wannan dare.

A cikin 'yan kallon akwai wani saurayi ɗan shekara 18. Da gangan ba zan faɗi sunansa ba, an faɗe shi a jaridu ya isa haka. Ya zaro waya ya rubuta a Twitter, wadda yanzu ake kira X, cewa in har mutum 1,000 suka sake yaɗa wannan saƙo nasa, to zai dira cikin fili ya ratsa shi da gudu.

Magana zarar bunu ce. Saƙon ya fita daga hannunsa, ya shiga hannun mutanen da ba su san shi ba, ba su san gidansu ba, ba su kuma damu da abin da zai same shi ba. Wannan ya danna, wancan ya danna, lamba tana ta hawa. Labari ya kai kunnen mahaifiyarsa, ta dinga aiko masa da saƙo tana ja masa kunne kada ya kuskura. Shi kuma, Allah sarki, sai ya ɗauki hoton saƙonnin uwar ya wallafa wa duniya, abin ya ƙara zama abin nishaɗi ga masu bibiya. Kafin wani lokaci dubun ta cika har ta wuce.

Ya tsallaka. Ya yi gudu har wajen tasha ta biyu, can tsakiyar fili, nan jami'in tsaro ya cim masa, ya sunkuce shi ya maka da ƙasa. Aka tasa ƙeyarsa waje, aka miƙa shi ga 'yan sanda. Gudun bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba.

Kuma a New York ba a ɗaukar wannan abu wasa, domin akwai doka ta musamman a kansa. Asalinta ma abin ji ne. A shekarar 2003 shahararren mai tsara tufafi, Calvin Klein, ya taso daga kujerarsa ana tsaka da wasan ƙwallon kwando a zauren Madison Square Garden, ya tako har wajen ɗan wasa Latrell Sprewell yana yi masa magana. Bayan haka majalisar birnin ta yi dokar da ta mai da kutse cikin filin wasan ƙwararru laifi mai iya kai mutum gidan yari har shekara guda, ga tarar da za ta iya kai dala 1,000, ban da wasu dubban daloli da za a iya nema a wurinsa daban. Da wannan doka ofishin mai gabatar da ƙara na Queens, ƙarƙashin Richard Brown, ya tuhumi saurayin. Tunda ya cika 18, a idon shari'a baligi ne, don haka sunansa da hotonsa suka fita ƙarara. Duk wanda zai ɗauke shi aiki nan gaba, ko zai ba shi gurbin karatu, ko ma zai ba shi 'ya, in ya rubuta sunan nan a intanet, da wuya bai ci karo da labarin wannan dare ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ko sunan da ya je nema bai samu yadda yake so ba. Gidajen talabijin masu haska wasanni a can sun daɗe da ɗaukar al'adar kawar da kyamara daga kan mai kutse, don kada a ba wani sha'awa. Abin da ya yawata shi ne ɗan guntun bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka da waya, kuma abin da mutane ke maimaita kallo a ciki shi ne inda aka buga shi da ƙasa.

(Gajeren kiɗa)

Mu koma baya shekara uku, zuwa birnin Filadelfiya. Daren Litinin, 3 ga watan Mayun 2010, ƙungiyar Phillies tana karɓar baƙuncin Cardinals a filin Citizens Bank Park, a gaban mutum sama da 40,000. Wani ɗalibin sakandare ɗan shekara 17 yana cikin 'yan kallo. Wannan yaron abin da ya yi kafin ya tsallaka ya fi tsallakawar ɗaukar hankalina: ya kira mahaifinsa a waya ya tambaye shi ko ya shiga filin da gudu. Uban ne da kansa ya ba 'yan jarida wannan labari daga baya. Ya ce ya gaya wa ɗan nasa shi dai yana ganin bai kamata ba, yaron ya amsa da cewa ai dama ce ta sau ɗaya a rayuwa. Uban ya kuma ce yaron bai sha komai ba, a cikin hankalinsa yake sarai.

A zagaye na takwas ya dira. Yana riƙe da farin tawul yana kaɗawa, yana zuƙewa masu tsaro, su yi nan ya yi can, jama'a na ta shewa. Sai wani ɗan sanda ya zaro bindigar lantarki da ake kira Taser ya harbe shi ta baya. Ita wannan na'ura wasu ƙananan ƙugiyoyi biyu take cillawa, haɗe da siririyar waya. In suka kama jiki sai ta saki wutar da ke sanƙarar da tsoka, mutum ya kasa riƙe kansa. Yaron ya kife da fuska a kan ciyawa, ya yi shiru na ɗan lokaci, filin da ke ta ihu ya tsaya kallo. Can ya miƙe, aka fita da shi.

Allah ya sa ya tashi. Na ce haka ne domin a shekarar 2017 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya yi bincike ya tattara mutum sama da 1,000 da suka mutu a Amurka bayan 'yan sanda sun yi amfani da wannan na'ura a kansu. A mafi yawansu akwai wasu dalilai da suka haɗu, kamar ciwon zuciya ko ƙwaya ko danniya, amma dai ba abin wasan yara ba ce.

Gari ya ɗauki musu. Kwamishinan 'yan sandan birnin, Charles Ramsey, ya ce jami'insa bai saɓa ƙa'ida ba. Gwamnan jihar Pennsylvania na lokacin, Ed Rendell, ya ce kuskure ne babba. Ni a nawa ganin gwamnan ya fi gaskiya. Yaro riƙe da tawul, masu tsaro sun kewaye shi, ba shi da inda zai je, ai haƙurin minti ɗaya ya isa a kama shi da hannu. Ita ma ƙungiyar Phillies daga baya ta ce nata ma'aikatan ne za su riƙa kama masu kutse, sai abin ya gagara 'yan sanda su shigo. Kotun yara kuma ta ɗora wa yaron wata shida ƙarƙashin sa ido, da awa 80 na aikin al'umma kyauta. Kashegarin daren, ba a ko gama musun ba, wani mutum ɗan shekara 34 ya tsallaka wannan filin dai. Abin yana yaɗuwa ne, wanda ya ga ana shewa wa wani shi ma sai ransa ya biya.

To amma me ya sa masu tsaro ke afka wa yaro haka? Domin a daƙiƙar da ya dira, ba su san ko wane ne ba, ba su kuma san me ke aljihunsa ba, kuma an taɓa cizonsu. Ranar 30 ga Afrilun 1993 a birnin Hamburg na Jamus, wani ɗan kallo ya lallaɓo ya daɓa wa Monica Seles wuƙa a baya tana zaune tana hutawa tsakanin wasan tanis. Shekararta 19, ita ce ta ɗaya a duniya a lokacin, kuma sai da ta shafe sama da shekara biyu ba ta koma gasa ba. A besbol ɗin ma, ranar 19 ga Satumban 2002 a filin Comiskey Park na Shikago, wani mutum da ɗansa ɗan shekara 15 suka faɗo fili tsirara daga ƙugu zuwa sama, suka rufe mai horarwa Tom Gamboa na ƙungiyar Kansas City Royals da duka. Dattijo ɗan shekara 54, bai san su ba, bai yi musu komai ba. Ya tashi da raunin ji a kunnensa na dama wanda bai warke ba, aka kuma tsinci wuƙar aljihu a wurin. Mai gadin da ya san waɗannan labaran ba zai tsaya tambayar yaro ko wasa yake yi ba.

Ga kuma ita ƙwallon da na ce ku riƙe a rai. A watan Yulin 2007, wani mai horarwa a ƙaramar gasa, Mike Coolbaugh, yana tsaye a bakin aikinsa kusa da tasha ta farko, ƙwallon da aka bugo ta same shi a wuya, ya rasu. Tsohon ɗan wasa ne, idonsa na kan wasan, duk da haka bai iya kaucewa ba. Daga shekarar da ta biyo baya aka tilasta wa masu tsayuwa a wannan wuri sa hular kwano. Wannan filin ne yaro ke faɗawa da gudu, kai ba hula, ido na kan 'yan kallo.

(Gajeren kiɗa)

Iyaye, na san abin da ke ranku: yaran nan ba su da hankali ne? Suna da shi. Wanda ya kira ubansa ya nemi izini ya san abin da zai yi ba daidai ba ne, shi ya sa ya kira. A can Filadelfiya ɗin akwai Jami'ar Temple, inda wani masanin halayyar matasa, Laurence Steinberg, ya daɗe yana nazarin wannan tambaya. A wani bincike da shi da Margo Gardner suka fitar a 2005, sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda danja ke nuna ruwan ɗorawa, kai kuma ka zaɓa: ka taka birki ko ka ƙara gaba ka ci maki, da haɗarin yin karo. Wasu suka yi su kaɗai, wasu da abokai biyu a gefe. Manya ba su canza sosai ba, da abokai da babu. 'Yan shekara 13 zuwa 16 kuwa, da zarar abokai na wurin, kasadarsu ta kusan ninkawa. A 2011 aka maimaita irin gwajin da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka kai abokan wani ɗaki daban. Ba su zuga yaron ba, ba su ce masa "in ka isa" ba. An dai gaya masa suna kallo. Wannan kaɗai ya isa ya kunna sashen ƙwaƙwalwar da ke jin daɗin lada, ya kuma ƙara masa ganganci. Shi kuwa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20 da 'yan kai.

Abokai biyu ke nan a ɗakin gwaji. Ku auna yaron New York ɗin da ke ganin lamba tana hawa a tafin hannunsa, 300, 600, 900, kowace lamba mutum ne da ke jiran ya ga ko zai cika alkawari. Ni zatona lokacin da ya rubuta 1,000 bai yi tsammanin za ta cika ba, cika baki ne irin na samari. Da ta cika, abin da ke gabansa biyu ne: ko ƙasa ta sha shi a hannun masu tsaro, ko a kira shi matsoraci a gaban dubu. Ɗan shekara 18 sau da yawa kunyar nan ta biyu ta fi ba shi tsoro.

Shi ya sa maganata ta fi nauyi a kan su dubun nan. Kowannensu da yatsa ɗaya ya ba da nasa kason, ya ci gaba da cin abincinsa. Ba wanda aka kama a cikinsu, ba wanda ya biya lauya, ba wanda ya tsaya kusa da uwar nan a harabar kotu. Ingiza mai kantu ruwa ke nan, kuma waya ta sa ya zama abu mai araha, har mutumin kirki ma yakan yi shi bai lura ba. In ka tambaye shi sai ya ce, "Ni me na yi? Dannawa kawai na yi, ai shi ya ce zai yi." To da dannawar taka aka cika dubun, malam.

Ba mu da filin besbol a unguwanninmu, amma muna da kududdufi da damina, inda yara ke tsayawa a baki ana cewa wane ne zai iya ƙetarewa. Muna da wasan babur da na mota ranar ɗaurin aure, saurayi ya ɗaga ƙafar gaba a kan kwalta, ko ya karkata mota tana ƙara, 'yan'uwansa sun yi layi da wayoyi suna ɗauka za a sa a TikTok. Kalaman ma mun san su: "In ka haifu." "Ashe dai mace ne." "Wallahi wane ya fi ka zuciya." Wanda ya faɗi haka yana tsaye a kan busasshiyar ƙasa, hannunsa a aljihu.

Yanzu ga abin da nake so iyaye da yayye mu duba a labaran nan biyu. Dukan yaran sun buɗe ƙofa kafin su tsallaka. Ɗaya ya kira uba, ɗaya yana karanta saƙon uwa. Ba na ɗora wa iyayen laifi ko kaɗan, sun faɗi gaskiya, kuma daga nesa suke. Sai dai akwai darasi a yadda aka yi maganar. "Ina ganin bai kamata ba" shawara ce, kuma yaron da jininsa ke tafasa yakan ji ta kamar rabin izini. In ɗanka ya kira ka a irin wannan hali, ka yanke masa kai tsaye: "Ban yarda ba. Na hana ka. Kada ka kashe wayar nan, tashi daga wurin ina jin ka, fita waje." Ka riƙe shi da magana har zafin ya sauka, domin wannan zafi ba ya daɗewa, 'yan mintoci ne. Kuma ka ba shi abin da zai fake da shi a gaban abokai. Yaron da ya san zai iya cewa "Baba ya rantse in na yi ba ni ba shi" ya samu hanyar janyewa ba tare da an ce ya tsorata ba. Tun a gida, ranar da ba abin da ya faru, ka gaya masa: duk inda aka matsa maka, ɗora laifin a kaina, ka ce tsohonka mai zafi ne, na yarda.

In kuma abin ya riga ya faru, an kamo shi, ko an kwaso shi da karaya, ka je ka tsaya masa. Faɗa yana nan zuwa, za a yi shi a gida. Yaron da ya ga uba ya juya masa baya ranar da ya faɗi, gobe ba zai ƙara kira kafin ya yi wata ba.

Ku kuma samari, ƙannena, wanda ke zaune kusa da mai shirin tsallakawa ya fi uwa da uba iko a wannan minti, domin hannunsa na kai wa ga rigarsa. Kama rigar. Ja shi ku je sayen ruwa. Ce masa kai za ka gaya wa sauran cewa kai ka hana shi, su zage ka in sun ga dama. In a waya ka ga irin saƙon nan, "in mutum kaza suka danna zan yi kaza", kada ka danna, kada ka tura wa kowa ko da da niyyar tsinewa ne, domin ita lambar ba ta bambance mai yabo da mai zagi. In ka san shi, kira shi. In ka san yayansa, kira yayan.

Nan za mu dakata a shirin yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. A huta lafiya, wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)